Ƙwayar Cutar da Aka Kira Sammu

Shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, muna zaune a wani gidan haya a Makera, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri, ni ina koyarwa a firamare. Ko'ina ka zauna zancen siyasa ake yi, mu kuwa a ɗakinmu ba mu da zance sai na ciki.

Ciwon ya daɗe tare da shi. Zafi ne a ƙasan ƙirji kamar an ajiye masa garwashi, ya fi tashi idan yunwa ta kama shi. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba shi farin maganin nan na kwalba, ya ce ya bar yaji, ya riƙa shan madara. Na daina sa attarugu a miya, na daina kunun tsamiya. Sai ya lafa kwana biyu, ya sake dawowa.

Ƙofarmu tana kallon ta wata 'yar Binuwai, mijinta makaniki ne. Madam nake ce mata, ita kuma Malama. Ita ke riƙe mini ɗana idan na tafi makaranta. Ran Lahadi in ta dawo daga coci takan kirɓa sakwara ta aiko mana da miyar agushi, kuma saboda mu wurin mahaucinmu take sayen nama. Da ta ji maigidana ya bar yaji, sai ta koma ɗebe masa tasa miyar kafin ta zuba barkono.

Ana haka yayar maigidana ta zo dubiya daga garinsu. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka maganarta a wurinsa maganar uwa ce. Ranar Lahadi kwanon Madam ya shigo kamar kullum.

"Wannan kuma daga ina?" in ji Yaya.

"Maƙwabciyarmu ce."

"Shi ma yana ci?"

"Yana ci, Yaya."

Ta ture kwanon da ƙafa. "Shi ya sa! Kuna ta yawon kemis alhali a baki aka ba shi. Wannan sammu ne. Ke da kike taƙama da boko, kin zauna ana ɗura wa mijinki abin da ba ki san hannun da ya dafa ba?"

"Na san hannun," na ce. "Shi ke goya mini ɗa."

Ko saurarona ba ta yi ba. Ta ɗauki kwanon ta fita, ta juye shi a kwata, a gaban Madam da ke wanki a bakin famfo, tana faɗa da ƙarfi cewa ƙaninta ba zai mutu a hannun baƙi ba. Madam ta tsaya da kumfa a hannu tana kallonta. Can ta sunkuya ta ɗauki kwanonta, ta ɗauraye, ta shige ɗaki.

Maigidana yana kwance yana jin komai. Na shiga, na ce ya tashi ya yi magana. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ki yi haƙuri, kin san halinta." Har yau in na ji an faɗa wa wata mace wannan maganar sai raina ya ɓaci.

Daga nan Yaya ta karɓe jinyar. Ta aika aka kawo saiwoyi, ta jiƙa, ta ce sai ya amayar da abin da aka ba shi. Ya sha, ya yi ta amai, yana ramewa a kan idona. In na yi magana ta ce na fi son maƙwabciya da mijina. Wata safiya ya yi amai baƙi, da jini a ciki.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya. "Ga shi nan yana fitowa."

Ya miƙe zai kuskure baki, sai ya yanke jiki ya faɗi. Na kwarma ihu. Wanda ya fara shigowa mijin Madam ne, da kayan aiki a jikinsa. Bai tambayi kowa komai ba, ya saɓa shi a kafaɗa ya sa a motar da aka kawo masa gyara. Madam ta zare ɗana daga bayana, ta ce, "Tafi, Malama."

A asibiti aka ƙara masa jini. Da ya farfaɗo aka zura masa wata roba mai fitila ta baki, aka leƙa cikin, aka ɗebo ɗan abin da za a auna. Ranar da sakamako ya fito, likitar, wata mace mai sanyin murya, ta zaunar da mu. Ta ce gyambo ne, kuma wata ƙwayar cuta ce mai zama a tumbi ta haddasa shi. Jiƙon da aka yi ta ba shi ya ƙara fama wurin.

Yaya ta taɓe baki. "In ƙwayar cuta ce, me ya sa matarsa ba ta kamu ba? Ai kwano ɗaya suke ci."

"Mai yiwuwa tana da ita, Hajiya," in ji likita. "Ke ma haka, ni ma haka. Da yawanmu muna ɗauke da ita ba mu sani ba. Sai dai ba iri ɗaya ba ce. Kamar dangi ne, kaka ɗaya amma hali daban. Wata takan zauna shiru har mutum ya tsufa, wata kuma ta gaji wani dafi mai cin bangon ciki. Jikin mutane ma ba ɗaya ba ne."

Na tambaye ta ko a abincin maƙwabta ya ɗauka.

"Da wuya. Galibi tun ana yara ake ɗauka, a gida, wurin ci da sha. Ba laifin kowa ba ne."

Na juya na kalli Yaya. Sau nawa na ji tana ba da labarin yadda take tauna masa abinci ta sa masa a baki yana ƙarami? Ban ga laifinta a nan ba. Marainiya ce ta ciyar da maraya. Amma ita an ce mata ba laifin kowa ba ne, ta karɓa ta miƙe abinta, alhali Madam an yi mata shari'a a bakin famfo ba tare da an tambaye ta ko kalma ɗaya ba.

Aka ba shi ƙwayoyi kala uku. Kafin wata ya zagayo yana cin tuwo da yaji, ciwon shekaru ya tafi.

Na roƙi Yaya ta je ta ba Madam haƙuri. Ta ce, "Ni? A kan me?" Ta haɗa kayanta ta koma gida. Maigidana ya je gareji ya yi wa mijin godiya, suka yi musabaha, a wurin maza magana ta ƙare. Ni na shiga wurin Madam.

"Ba ke kika yi ba, Malama," ta ce. "Amma yarana sun ji. Babbar ta tambaye ni wai da gaske ina sa wa mutane guba?"

Ta ci gaba da riƙe mini ɗa, muna gaisawa, amma hirar ta mutu. Da gari ya rikice da faɗan addini bayan haka suka koma Sabon Tasha, mu muka haye kogi, ban ƙara sa ta a ido ba.

Bayan shekaru, a wani taron suna a garinsu maigidana, na ji Yaya tana gaya wa mata yadda jiƙonta ya fito da sammu daga cikin ƙaninta, likitoci suka zo suka ƙarasa kawai. Na ajiye tiren da ke hannuna. Na ce ba haka aka yi ba, na faɗi komai tun daga kwata har zuwa wanda ya saɓa shi a kafaɗa. Wata tsohuwa ta ce matan birni ba su da kunya. Na yafa gyalena, na fita na zauna a mota har aka watse.