Fankar da Idi ya ɗaura a baibai

Idi ƙanin mijina ya kusa kashe mini moto, wato babur, kuma har yau bai ba ni haƙuri ba. Ni ma ban neme shi ba.

Moton nan da shi nake ciyar da gida tun rasuwar maigidana. Irin mai dogayen ƙafafu ne na shiga daji, mai shan ruwa, ɗana Sumana ke tuƙa ni a kansa zuwa Tounouga mu ɗauko kifi banda. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar kan iyaka, hanyoyin rairayi suka zama namu. A rairayi kuwa moto ba ya gudu, iska ba ta ratsa radiyatar, wato tankin da ke sanyaya inji, sai ruwan ya tafasa. Na sa aka ƙetaro mini da ƴar fanka a kwalekwale, da bido ɗaya, wato ƴar jarka, na koren ruwan sanyaya inji. Idi ne mai garaji a dangi, a gidansu kuma ba a kai ƙarfe wurin bare. Na kai masa.

Kwana biyu da gyara, ba mu kai rabin hanya ba moton ya fara huci kamar tukunyar dambu. Sau huɗu muna tsayawa kafin mu dawo Gaya. A garaji na sa Sumana ya tayar da shi, na kara bakin mayafina gaban radiyatar. Maimakon fankar ta jawo mayafin, sai ta huro shi waje da iska mai zafi. Can kan kantar garajin kuma ga bidona, ko murfinsa ba a ɓalle ba.

Na ce, "Idi, me ka zuba masa?"

Ya ce, "Ruwan rijiya da ƴar kanwa, matar Yaya. Doki ma ana ba shi kanwa ta wanke masa ciki."

"Koren fa?"

"Na ƙasar Turawa ne wannan, don kada ruwa ya daskare. Halan kin taɓa ganin ƙanƙara a Gaya?"

Masu zaman benci suka bushe da dariya. Na ɗauko bidon na bi rubutun da yatsa, a hankali, don sai da na haifi biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci. An rubuta yana hana ƙarfe ruɓewa, kada a gauraya shi da komai.

Ya ce, "To fa, Madam Lakwal ƴar makaranta ta iso. Ke da kika koyi baƙi da furfura za ki koya mini aikina? Bar shi nan, gobe in ƙara masa kanwa."

Na yi shiru na taho gida. Wannan shirun ne ya hana ni cin tuwo. Ina zaune gaban murhu bayan magariba, sai ga Kaka Biba a zuciyata.

A Tanda ta raine ni, zamanin sojojin farko, lokacin da rediyon kawuna yake yini yana kiɗan fareti. In an idar da magariba sai ta hura wuta da kara, ta yafa ƙaiƙayin shinkafa hayaƙi ya kori sauro. Da rani tana zuwa Foga dafa gishiri, shi ya sa tafin hannunta duk faso ne, in ta shafa kanka sai ka ji kamar dutsen niƙa. Amma gindinta muke rububin zama, mu shida, ana tura juna da gwiwa. Takan gasa mana dankali a toka, ta hana kowa taɓawa sai labari ya ƙare. Sai ta ce, "Ga ta nan ta taso, ku gyara kunne." Mu ce, "Ta iso, Kaka."

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wata gwauruwa ce da sa guda, da shi take noma. Zazzaɓi ya kama san. Kura ta naɗa rawani ta zo a matsayin mai magani, ta ce a kwantar da shi kusa da wuta. Ta zagaya bayan wutar da faifai tana fifita, zafi duk yana komawa kan sa. Nan Kaka takan ɗauki faifanta ta kwaikwaya, ta kaɗo mana hayaƙi a fuska, muna tari muna dariya. Gwauruwa ta ga harshen sa ya zazzago. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dubi rawanin, ta ce a ranta mai rawani ba ya rasa sani. Kafin gari ya waye sa ya mutu. Kura ta ce tun da mushe ne, bari ta taimaka ta kawar da shi.

Sai Kaka ta tsare mu da ido. "Wa ya kashe sa?"

Mu ce, "Kura!"

"Ƙarya kuke, ja'irai. Kura abincinta take nema. Ita mai san, da aka ba ta ido biyu da baki, me ta yi da su? Ku ɗauki dankalinku."

Na tsani tatsuniyar nan ina yarinya. Gani nake Kaka ba ta da tausayi, mace ta rasa abin nomanta kuma a ɗora mata laifi. Har kuka na taɓa yi, ta ce in share majina ko ta ba wani rabona. Sai da na girma na ga sau nawa na tsaya a matsayin matar nan: gaban mai awo, gaban ɗan duwan mai karɓar kuɗin fito, gaban duk namijin da ya riƙe sifana ko biro. Idi ba kura ba ne, bai da niyyar cin moton, jahilci ne da girman kai. Amma in inji ya ƙone, niyyarsa ba za ta kai ni Tounouga ba. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, ko ba karatu na san amsar. Wace mace ce ba ta ga yadda kanwa ke cinye tukunyar sanholo har ta huje ba? Radiyatar nan sanholo ce. Na sani, na yi shiru, don kada a ce na raina ƙanin miji a gaban mutane.

Washegari da hantsi na tafi garajin ni kaɗai. Surukata tana zaune ƙofar gida tana tsintar shinkafa, na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata. Sannan na ɗauki sifana a kan bencin Idi, na kwance maƙogwaron ƙasa na radiyatar, jan ruwan kanwarsa ya malale har gindin takalminsa.

Ya ce, "Matar Yaya, lafiyarki kuwa?"

Na rataya bidona a ƙahon moto, na tura shi na ƙetare titi zuwa rumfar wani makaniki Badande, bare ne ba dangi ba, da ba su gaisawa da shi. Surukata ta kira sunana sau biyu. Na ce da makanikin, da ƙarfi yadda za su ji, "Juya wayoyin fankar nan, ina tsaye ina kallo."