Ranar da na kai motar mutane Nangere

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a nan Potiskum, na sayi motata ta farko. In na ce mota kada ranku ya kai ku nesa. Irin ƙananan nan ce masu yankakken baya, waɗanda ake ɗaga ƙofar but ɗinsu sama haɗe da gilashi. Launinta ruwan toka, kuma ta bi hannun mutum huɗu ko biyar kafin ta iso nawa. Irinta sun cika gari a lokacin. Amma ni a idona babu kamarta. Kullum da safe sai na wanke ta a ƙofar gidanmu a unguwar Dogo Nini, kamar wanda zai kai ta gasa.

Na san halinta ciki da waje. Ba ta tashi sai an murza makulli sau uku ana lallashinta da totur. Allurar mai ta mutu tun kafin na saye ta, don haka da tsammani nake tafiya. Rediyon ba abin da yake fitarwa sai shuuu. Ga salansa a fashe, in na shigo layinmu kowa ya san Malam ya dawo. Ana saura kwana kaɗan abin da zan ba ku labari ya faru, na kai ta wurin bakanike ta yini. Da na je ɗauka ban ga abin da ya sauya ba, sai ya dafa ni ya ce, “Malam, gyaran tsohuwar mota ba ya nunawa rana ɗaya. A hankali za ka ga canji.”

Wata Laraba mahaifiyata, wadda ke zaune a Nangere, ta kira ni ta ce in taho mata da jarkar manja da buhun gishiri. Na tashi daga makaranta na wuce kasuwa. Kun san Potiskum ranar Laraba, ko'ina mutane ne da motoci. Da ƙyar na sami wurin ajiye mota a wani dogon layi a bakin hanya. Na sayo kayan, na zuba a but, na rufe. Har na kama ƙofa sai na tuna ta ce in haɗo mata da man zafi saboda gwiwarta. Na koma ciki, na sha yawo kafin na samu, sannan na fito ta wani lungu daban, rana ta dafa min kai.

Ga motata a gabana, ruwan toka, yankakken baya. Na sa makulli a ƙofa, ya ɗan cije, na jijjiga shi, ta buɗe. Da na zauna sai na ji ƙafata ba ta kai kuloci sosai ba. Na ce a raina kujerar nan ma ta fara zamewa, na jawo ta gaba. Na murza makulli sau ɗaya, sai mota ta tashi, lafiya lau, ba tari ba gardama.

Wallahi murmushi na yi. Na ce, ashe mutumin nan gaskiya ya faɗa.

Na kama hanyar Nangere. Ban yi nisa ba na lura allurar mai ta ɗago ta tsaya a rabi. Na ƙura mata ido har na kusa sauka daga kwalta. To ita kuma yaushe ta farfaɗo? Ko da ta farfaɗo, yaushe na taɓa zuba man da zai kai rabin tanki? Sai na ce wataƙila yanzu ta tashi daga dogon barci, ba ta gama dawowa hayyacinta ba. Can kuma hancina ya ɗauko ƙamshin turaren wuta, irin mai nauyin nan da mutanen Borno ke yi. Na shinshina rigata, na shinshina ledar man zafi. Na ce ƙila a kasuwa na goga jikin wani. Don in gwada sa'ata har ƙarshe na murɗa rediyo, sai ga muryar wani malami yana karatu da Barbarci, tas, kamar yana zaune a gefena. Ni da ba na jin Barbarci sai gaisuwa, na bar shi yana yi har Nangere, ina ta shi wa bakanike albarka.

Na tsaya a ƙofar gida na yi sallama. Mahaifiyata ta fito tana gyara ɗankwali, ta tsaya ta dube ni, ta dubi motar.

“Yau ban ji zuwanka ba,” in ji ta.

“An gyara ta ne, Inna,” na faɗa da alfahari, na zagaya na ɗaga but.

Babu manja. Babu gishiri. Abin da ke ciki keken guragu ne a naɗe, da wata 'yar matashiya, da buta.

Na rufe but ɗin. Na sake buɗewa. Har yanzu in na tuna da wannan sai na yi wa kaina dariya, don ban san me na zaci zai sauya ba. Abin da ya fara zuwa kaina shi ne an sace min kaya. To amma wane irin ɓarawo ne zai ɗauki gishiri ya ajiye maka keke? Na tsaya riƙe da ƙofar but a sama, bakina a buɗe, ina ta maimaita, “To ya aka yi? To ya aka yi?”

Mahaifiyata ba ta yi boko ba, lambar mota ba ta ce mata komai. Leƙawa kawai ta yi ta taga, ta ɗago ta ce, “Kai, wannan ba motarka ba ce. Kujerar da nake zama a taka a yage take.”

Sai a lokacin na sunkuya na dubi lamba. Abin kunya, ko lambar tawa ban haddace ba, sai da na zaro takardu daga aljihu na gwada. Ko harafi ɗaya bai zo daidai ba. Na zauna a kan dakalin ƙofar gida.

Na kira abokina da muke koyarwa tare. Da farko dariya ya yi har yana tari, sai kuma muryarsa ta sauya. “Ka ji ni da kyau. Kada ka kuskura ka koma kasuwa da motar nan. Ranar Laraba? Kafin ka buɗe baki an rufe ka da duka. Ka wuce ofishin 'yan sanda kai tsaye.” Na ce to. Ya ce, “A'a, tsaya. In an tare ka a hanya fa, ba takarda? Ka bar ta a nan ka hau ta haya.” Na ce to. Ya ce, “Amma kuma in an same ta a ƙofar gidanku a wani gari, ai ya zama ɓoyewa ka yi.” Na kashe wayar kaina ya fi da kullewa.

Duk wannan mahaifiyata na tsaye tana kallon keken. Ta ce, “Mai wannan abin yana can wani wuri a zaune, ba shi da ƙafar tashi. Kai kana nan kana waya.” Ta shige gida, ta fito da mayafi, ta buɗe gaba ta zauna.

“Inna, ina za ki?”

“Inda ka ɗauko ta. Ba wanda ya taɓa ganin ɓarawo ya dawo da kaya tare da uwarsa. Tayar mu tafi.”

Tafiyar da na yi ɗazu ina jin daɗi, yanzu kowace mota ta biyo bayana sai na ce ni take bi. A shingen jami'an tsaro na riga na shirya bayanin da ni kaina ban gane shi ba, sai jami'in ya leƙo, ya gaida tsohuwa, ya ɗaga mana hannu. Ita kuwa carbinta kawai take ja.

Tun daga nesa na hango taron. Mutane sun kewaye wata mota ruwan toka, wato tawa, mota huɗu kacal daga inda na ɗauki wannan. Ina rage gudu wani ya ƙwala ihu, “Ga ta nan! Ga ta nan!” Kafin na kashe inji an buɗe ƙofa, wani ya cakumi wuyan rigata, hulata ta faɗi. Ina ta cewa, “Ku tsaya, kuskure ne,” amma ni kaina ba na jin muryata.

Sai mahaifiyata ta fito, a hankali saboda gwiwarta. Ta ɗaga murya da Hausarta mai karin Karai-karai ta ce, “Ku sake shi. Ɗana ne, malamin makaranta ne. Wauta ya yi, ba sata ba. Ina mai motar?”

Hannun da ke wuyana ya sassauta. Wani magidanci dogo, da zai girme ni da kaɗan, ya ratso mutane, idonsa jawur. Bai kalle ni ba. But ya fara ɗagawa, ya ciro keken, ya miƙa wa wani, sannan ya juyo.

“Malam, awa biyu da wani abu. Ina ka kai ta?”

“Nangere,” na ce.

“Nangere!” Ya juya ya dubi mutane kamar yana neman mai fassara masa.

Na miƙa masa makullina da takarduna. Aka gwada a gaban kowa. Makullina ya buɗe tasa, ya buɗe tawa. Nasa kuwa ya ƙi ko juyawa a ƙofar tawa. Aka ɗaga but ɗina, ga manja ga gishiri. Wani tsohon direba ya ce ai in makullin irin waɗannan ya cinye, ba ya bambanta gidansu da na maƙwabta. Sai wurin ya ɓarke da dariya, wanda ya cakume ni ma shi ya ɗauko min hula ya kaɗe.

Mai motar bai yi dariya ba. Ya ce, “Zo ka ga wanda ka bari.”

A gaban wani shagon huluna, kan benci, wani dattijo ne zaune an tokare shi da bango. Mahaifinsa ne. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, daga asibiti suke wurin gashi, ya roƙi a tsaya minti biyar ya gaisa da tsofaffin abokan kasuwancinsa. Aka ɗauko shi a hannu daga mota zuwa bencin, taku kaɗan ne, shi ya sa ba a sauke keken ba. Da motar ta ɓace aka ce a goya shi zuwa wata motar, ya ce shi ba za a ratsa kasuwar da ya yi shekara da shekaru yana ciniki a cikinta da shi a goye ba.

Na durƙusa na ce, “Baba, don Allah ka yi haƙuri.”

Ya dube ni da ido ɗaya mai kaifi, bakinsa a ɗan karkace. Maganarsa na fita a hankali.

“Nangere aka ce ka kai ta?”

“E, Baba.”

“Ya ka ji ta a hanya? Tana ja?”

Na dubi ɗan, na dubi mahaifiyata. Na ce, “Tana ja, Baba. Ta fi tawa nesa ba kusa ba.”

Ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro. “Tawa ce. Ni na riƙe ta kafin na kwanta. Wannan,” ya nuna ɗansa da haɓa, “asibiti da gida kawai ya sani.”

A lokacin ne na lura da abin da ban gani ba da farko. An shimfiɗa wata babbar riga a kan cinyarsa har ƙasa, duk da zafin da ake yi, kuma dattawan shagon su uku sun jeru a tsaye sun ba taron baya, sun kare shi. Da za a ɗaga shi zuwa keken, ɗan ya ce da ni a hankali, “Malam, ka ɗan ba mu wuri.” Mahaifiyata ta riga ni ganewa. Ta ja hannun rigata muka koma wajen motata. Mutum mara lafiya, awa biyu a benci, ba halin zagayawa.

A hanyar mayar da mahaifiyata gida ba ta yi min faɗa ba. Sai da muka kusa ta ce, “Gobe ka nemi gidansu ka je. Ba don motar ba.”

Na je. A unguwar Bolewa suke. Ɗan ya karɓe ni ba yabo ba fallasa, ya kai ni ɗakin tsohon, aka kawo min ruwa. Na fi awa guda a wurin. Duk lokacin da na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai dattijon ya jefo min tambaya. Wane bakanike nake kai wa? Me ya sa na bar salansa a haka? Na san ba a barin irin motocinmu da ƙarancin ruwa a lagireto? Har na yi sallama bai bar ni na kai ƙarshen maganar ba.

Na sa an sauya min makullai a makon, kuma na yi shekara uku da motar kafin na rabu da ita. In na ba da labarin nan a majalisa dariya ake yi, ni ma ina yi. Amma abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne yadda alamu suka yi ta zuwa min ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina nemo wa kowacce dalili, don kawai abin da suke nuna min ya yi min daɗi. Da motar ta ƙi tashi ne, da nan take zan fito in duba.

Dattijon ya rasu bayan wannan da kamar shekara biyu, na je gaisuwa. Har yanzu ban sani ba, ranar da ya hana ni ba shi haƙuri, yafe min ya yi tun kafin na zo, ko kuwa ba ya son a sake ambaton abin da ya same shi a kan bencin nan. Na sha juya abin a raina. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayar ɗansa ba, kuma ba na jin zan tambaya.