Kwamanda Osung da Dutsen Murhun Mma Ikwo

Kafin kwale-kwalen masunta su iso gaɓa a Ibaka, Kwamanda Antai Osung ya riga su, suna isowa sai ya bi taru ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Ba kifi yake nema ba. Rayuwarsa kaf a sojan ruwa ya yi ta, yana kwance bama-bamai da harsasan igwa, har ya ajiye aiki watan jiya. Ladan da muka ba shi a garin nan shi ne suna: Ete Kar-a-taɓa, Ete kuwa Baba ke nan a yarenmu.

Abin da ke cin ransa, ni ma yana cin nawa. A wurinmu duk abin da taru ya jawo kyautar ruwa ce, ba a mayarwa, ba a rainawa. Haka, shekarun baya, Mma Ikwo mai bandar jatan lande a kasuwa ta sami wani tsohon ƙarfe mai tsatsa daga tarun mijinta, ta mai da shi dutse na uku na murhunta. Harsashin igwa ne na lokacin yaƙin basasa, da ransa. Wuta na ci a gindinsa, jikokinta na zaune kewaye.

Ya roƙe ta ta janye yaran. Ta ce, "Ete, ka rasa abin tsoro sai dutsen murhu? Je ka nemi aikin yi."

Sai da ya daka tsawa kasuwa ta watse. Kowa ya ga yadda ya durƙusa ya kwashe garwashin da hannunsa, ya zauna gadin ƙarfen har ya huce, sannan ya kai shi tsibirin yashi ya tayar. Ƙarar ta zubo da kwanon rumfuna. Mma Ikwo kuwa abin da ta tambaya shi ne wa zai ba ta wani dutsen. Shi ya kawo mata, a ka.

Kwamanda, kai ne mai hana kuka a gidan da bai san ya kusa yi ba. Yatsunka na dama har yau ba sa lanƙwasuwa, yaran nan kuwa suna makaranta. Mun gode, Ete, ko da bakinmu ya yi nauyi.

Matasa, ku koyi aikinsa tun yana da ƙarfin koyarwa. Sauranmu kuma mu ji magana, don Allah. Jiya ma na gan shi yana gudu da furfurarsa: wani ya ɗaure akuya a jikin wani ƙarfen.