Degemba Ba Ta Yi Kuka A Gidan Makoki Ba

Shekara goma sha tara Degemba ta yi tana riƙe da ɗakin shan magani na ƙauyenmu, can saman tudun Simbu. Matar yayana ce. Rabin yaran garin a hannunta suka faɗo duniya. Ga baki kamar reza: ka ƙi shan magani, sai ta bi ka har gonar dankali tana zazzaga maka masifa.

Da korona ta shigo, aka aiko mata allura cikin akwatin ƙanƙara. Daidai lokacin Kerenga ya fito takarar majalisa. Ya hau bayan mota a kasuwa yana ɗaga waya, wai gwamnati ce ta turo allurar don ta ƙarar da mutanen tudu kafin zaɓe. Ya yanka alade shida. Kowa ya ci, kowa ya gaskata. Ni ma na ci, ba zan ɓoye ba.

Sai tari ya kashe kawun Kerenga, tsohon da ko ganin allurar bai yi ba. Mu kuwa in an yi rashi, laka kake shafawa a fuska, ka faɗa kan gawa, ka kurma ihu kowa ya shaida. Degemba ta zo da takunkumi, ta tsaya nesa tana cewa kada a taɓa gawar.

"Ku dube ta!" in ji ƙanwar mamacin. "Ko ɗigon hawaye babu. Ke kika cinye masa zuciya, mayya!"

"Haba Inna, ni fa nake kai masa magani."

"Mai allurar gwamnati! Cire tsumman nan mu ga bakin da ya ci shi!"

Samarin Kerenga suka fizge ta, suka ɗaure ta a jikin shinge, suka cusa rodi cikin wuta. Yayana ya shiga tsakani, adda ta tafi da yatsunsa biyu. Degemba tana kiran samarin da suna ɗaya bayan ɗaya.

"Gende, ni na yanke maka cibiya!"

Genden ne ya fara manna mata rodin a ciki. Har yau ƙaurin yana hancina.

Ta hango ni cikin mata, fuskata duk laka. "Moro, 'yar'uwa, faɗa musu mana!"

Na san in na buɗe baki ni ce ta biyu a shingen. Tsoro ya ci ni. Na juya mata baya, na faɗa kan gawar tsohon, na yi ta ihu har na daina jin nata.