Mutumin da Ya Ɗaure Hannunsa na Dama

Kawu Ba-Gaggawa yakan riga kowa buɗe shago. Ya share ƙofa, ya goge tebur, ya kunna kwamfutar da aka bar masa jiya, ya zauna yana sauraronta kamar likita da majinyaci. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa tun zamanin da allonta ke da ƙeya kamar tulu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji. Ba wanda zai kira taro dominsa. To bari a faɗi abu ɗaya, wanda duk layin shagunan nan shaida ne.

Mai Hoto, abokinsa na ƙuruciya, ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, amma hannun dama bai tashi ba. Abincinsa kuwa yana cikin kwamfuta: hotunan jama'a na shekara da shekaru, folda cikin folda. Manhajar da yake buɗe fayil da ita sai da linzamin kwamfuta, wato maus, a danna, a ja, a saki. Hagu ba ta saba ba. Ja ɗaya ya yi, hotunan wani taron suna suka zube cikin na wani biki. Masu neman tsohon hoto suka fara komawa hannu rabbana. Ya ce zai rufe shago.

"Rufe bakinka dai tukuna," in ji Kawu.

Manhajojin sarrafa fayil na kyauta suna da yawa, kowace da masu yabonta. Kawu bai saurari yabo ba. Ya sauke su, ya ari ɗankwalin matarsa, ya sa aka ɗaure masa hannun dama ta baya. Haka yake wuni yana gwada su da hagu, mutane na leƙe suna dariya.

Matar ta kawo masa shayi, ta tsaya.

"Malam, wa ka yi wa sata?"

"Aiki nake."

"To, Allah ya sa alƙali ya sassauta."

Manhajar farko kyakkyawa ce, amma kafin ka kwafi hoto sai ka danna maɓallai biyu masu nisa da juna, yatsu ba su kai ba. Ya cire ta. Ta biyu tana goge fayil ba tambaya, hannu mai rawa kuwa ba a ba shi wuƙa. Wata ta yi wa tsohuwar na'urar Mai Hoto nauyi. Kafaɗarsa ta sage, bai kwance ba. Sai da ya dace da wata mai taga biyu gefe da gefe, maɓalli ɗaya ya kwafa, ba ta gogewa sai ta tambaya. Ya tattaro duk umarninta zuwa maɓallan ɓangaren hagu, sannan ya kai wa abokinsa.

Mai Hoto ya yatsina fuska. "Wannan ai ba ta da kyan gani."

"Ba aurenta za ka yi ba. Danna."

Ana cikin koyo wata mata ta shigo, wadda Mai Hoto ya taɓa sallama ba biyan bukata. Hoton mahaifinta take nema, ya rasu, ba su da wani. Kawu ya ja kujera baya, ya harɗe hannuwa. Mai Hoto ya bi folda da yatsun hagu, a hankali, gumi na tsattsafo masa. Fuskar dattijon ta cika allo. Matar ta rufe ido da mayafi.

Mai Hoto ya juya wajen Kawu. Ya ce, "Tsoho, ashe kana da rana."

Shagon hoto yana buɗe har yau.

Kawu, kai ne ba ka zaɓar wa mutum abu sai ka shiga halinsa. Mai jinkirin da ya fi saurin wasu. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa idon nan haske.

Mu kuma matasa masu ɗora wa mutane manhaja don ita ake yayi, mu riƙa duban hannun da zai riƙe ta.