Wayar da Aka Binne a Gonar Baba Masinja

Kwanan baya na iske 'yar ƙanena zaune a tabarma, kwamfuta a cinya, tana cin gyaɗa da hannu ɗaya tana danne-danne da ɗayan. Na tambaye ta abin da take yi, ta ce manhajar da ta gina take ɗorawa a kan sabar, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe ta, don kowa ya iya buɗe ta a yanar gizo. Na ce ina sabar ɗin take? Ta ɗaga kafaɗa, wai ita ma ba ta taɓa ganin ta ba, tana can wata ƙasa. Abin ya ba ni haushi. Mu tamu mun gan ta da ido, mun sauke ta daga mota muna nishi, mun share mata ɗaki kafin ta yarda ta yi aiki.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina akawu a wani kamfani a Funtua mai sayar wa manoma iri da taki da maganin feshi. Aka yanke daga sama cewa za a sa mana kwamfuta. Babba guda za ta zauna a ɗaki mai na'urar sanyi, ita ke riƙe da komai. Sai ƙananan alluna masu madannai da za a haɗa da ita ta waya, ɗaya a ofishin Manaja, ɗaya a namu na akawuna, ɗaya can sito, a ƙarshen harabar. Nan take muka raɗa musu uwa da 'ya'ya.

Ranar da injiniyan kamfanin kwamfutar zai iso daga Legas, na goge takalmi har sau biyu. Mota ta tsaya, sai ga wani dogo da laktaye ya fito. Ina kallon kunnuwan nan nasa na gane shi. Ɗan Iya mai kwanuka ne, Bayarabiyar da ke da rumfa a kasuwa tun kafin a haife mu, benci ɗaya muka zauna a firamare.

"Kai! Ɓarawon rake!" na ce, kafin in tuna a ofis muke.

"Rufa mini asiri, Malam," ya ce da Hausarsa ta Funtua wadda Legas ba ta taɓa ba, "yau Injiniya nake."

Da muka keɓe ya gaya mini abin da ke ransa. Wannan ne aiki na farko da aka bar masa shi kaɗai. Kamfaninsu zai buɗe reshe a Kaduna, kuma ogansa ya ce in ya zo ya ga komai na tafiya daidai, shi za a ba wurin. Daga Kaduna kuwa duk Asabar yana gida. Babansa ya rasu, ƙannensa mata sun yi aure a kudu, Iya ita kaɗai ce a gidan. Ya roƙe ta ta yi shiru da maganar har ta tabbata. Kafin Lahadi duk cocinsu sun sani, kafin Litinin ta kasuwa har masu barkono suna yi mini barka, ni da ba ni za a ba aikin ba.

Ɗora manhajar a kan uwa ya ci mana kwanaki. A cikin wasu baƙaƙen faya-fayai masu laushi abokina ya zo da ita, cike da akwati. Ya zura ɗaya, uwa ta yi gurnani ta yi gurnani, ta nemi na gaba. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sai a koma na farko. Ran nan saura kaɗan mu gama ta ɗauke, na ji abokina ya yi zagi da harsuna uku a jere, ban san ya iya na ukun ba. Daga ranar mai janareta ba ya motsawa daga bakin injinsa sai ya leƙo ya nemi izini, ko da alwala zai je.

Da manhajar ta zauna, abokina ya buɗe wa kowa nasa wurin shiga, ya ce kowa ya zaɓi kalmar sirri kada ya gaya wa kowa. Manaja, wani Alhaji mutumin Malumfashi mai son harka, ya zaɓi tasa, ya fito baranda ya karanta mana ita da ƙarfi, wai mu taya shi riƙewa don shi mantuwa gare shi. Abokina ya dafe kai. Ni kuwa daɗi ya kashe ni, domin ni ya koya wa kunna uwa da kashe ta, da kwafe aikin yini a kaset kafin a tashi. Ɗakin da sanyi, a tsakiyar bazara. Mutanen da ba su taɓa gaishe ni ba suka riƙa zuwa tambayar lafiyar iyalina, suna zama.

'Ya'ya biyu na cikin gini ba su ba da wuya ba, bango kawai aka huda. Na sito ne mai nisa, sai waya ta ratsa fili. Filin nan a watan bazara fetal yake, ƙasa ja, ta bushe ƙamas, sai 'yan tudu-tudu a jere. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san tsofaffin kunyoyi ne. Harabar ofishinmu gona ce da damina, kamar ta kowane ofis a ƙasarmu, makaranta ce ko asibiti. Kowane ma'aikaci da ɗan yankinsa, wani masara, wani kuɓewa, wani gyaɗa, kuma an san iyaka ba tare da an kafa ko tsinke ba. Ni nawa yana bayan gini, jikin katanga. Mafi girma shi ne na tsakiya, na Baba masinja, don ya riga kowa zuwa kamfanin, ga iyali da yawa ga albashi ba yawa.

Abokina kuwa a cikin kwanuka ya tashi, bai taɓa noma ko tattasai ba. Ya ga fili, ya ga hanya miƙaƙƙiya. Ya ɗauko leburori daga tasha ranar wata Asabar, suka sassari ƙasar nan mai taurin tsiya da diga, da suka kai zurfin kamar taƙi ɗaya suka ce ya isa, shi ma ya ce ya isa. Suka shimfiɗa waya suka rufe. Da muka dawo aiki mun ga layin sabuwar ƙasa, muka ɗauka aikin injiniya ai sai ya yi zurfin rijiya. Baba masinja a lokacin yana Dayi, ya ɗauki hutu ya je gyaran jinkar ɗakunansa kafin ruwa ya sauko.

Aka gwada, komai ya yi. Mai sito ya danna buhunan taki can, suka bayyana a gaban Manaja nan. Manaja ya aika a kira shi don ya tabbatar ba haɗa baki aka yi ba. Oga ya aiko cewa Litinin yana tafe.

Ranar Juma'a da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwan da ake jira, irin wanda ke sa manomi ya kasa cin tuwo don ɗoki. Asabar ba aiki. Ni na tafi Tsiga wurin gonar gidanmu, abokina yana gida Iya na ɗura masa sakwara. Baba masinja ya dawo daga Dayi, ya ga ƙasa ta jiƙu, ya ɗauki garmarsa.

Litinin muka iske harabar ta yi kyau, kunyoyi a jere, baƙi-baƙi, sai ƙamshin ƙasa. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Oga ya iso, wani gajere mai tabarau wanda ba ya dariya. Na kunna uwa, ta tashi lafiya. Allon Manaja ya amsa, namu ya amsa. Manaja sai washe baki yake, ya sha babbar riga kamar ranar suna. Muka ɗunguma zuwa sito, muna tsallake kunyoyi. Mai sito ya danna, shiru. Ya sake dannawa, ɗan ɗigon koren nan kawai ke ƙifta mana ido. Abokina ya duba bayan allon, ya cire ya mayar, ya kashe ya kunna. Na ga gumi ya jiƙa bayan rigarsa.

Muna cikin haka sai muka ji sallama. Baba masinja ne a bakin ƙofa, ya rataya wani abu a kafaɗa, a naɗe tsaf, an wanke shi tas. Ya rusuna a gaban Manaja.

"Ranka ya daɗe, tsintuwa na yi a gona. Na ce kayan kamfani ne, kada yara su ɗauke. Doguwa ce ƙwarai, inda ta ƙi fitowa sai da na sa garma na datse."

Ya ajiye wayarmu a ƙasa, gunduwa-gunduwa, yana jiran a sa masa albarka. Mai sito ya juya ya fuskanci buhuna, kafaɗunsa na rawa. Ni ma dariyar ta taso mini har maƙogwaro, da na kalli fuskar abokina sai ta koma.

Manaja ya yi baƙi ƙirin. An kunyata shi gaban baƙo, abin da ba ya yafewa ke nan. "Daga yau an hana noma a harabar nan," ya ce, "ko ɗanyen kuɓewa na gani sai na kori mai shi. Kai kuma Baba, ka same ni a ofis." Kowa ya san ma'anar ka same ni a ofis. Tsohon ya tsaya baki buɗe, yana kallon wannan yana kallon wancan, bai ma gane abin da ya yi ba.

Oga ba ya jin Hausa. Ya juya ya tambayi abokina da Turanci me ake ciki. Ina kusa da abokina, har na taka masa ƙafa don ya kare kansa. Abin da zai faɗa a fili yake, masinja ya tone waya, shi ke nan, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai na ji yana gaya wa Oga cewa wurin gona ne duk shekara, shi ne bai tambaya ba, kuma bai binne wayar yadda ya kamata ba, ba zurfi, ba bututu. Sannan ya juya wurin Manaja.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ba laifin Baba ba ne. A garin nan aka haife ni, na je na shuka waya a gonar mutum. Shi kuwa ya ga abin da ba masara ba ya cire. A bar musu nomansu, zan bi da ita ta sama."

Manaja ya ja tsaki, ya gyara hula, ya ce to, tunda Injiniya ya roƙa. Oga ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Washegari abokina ya kafa dogayen bututun ƙarfe a kan iyakokin gonakin, Baba na nuna masa inda garma ba ta bi, ya ja sabuwar waya ta sama. Allon sito ya amsa, kuma bai sake yin shiru ba har na bar kamfanin. Amma Oga ya riga ya gama magana a mota. Ya ce yaron yana da gaskiya, sai dai da sauransa, ya ƙara zama kusa da manya a Legas. Kaduna aka ba wani. Na raka abokina tasha ina ta yi masa faɗa, na ce wa ya aike ka, da ka yi shiru ai da mun lallashi Manaja daga baya. Ya ce in daina ɗaga murya, mutane za su zaci kuɗin mota muke rigima a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har yau ban san da shi nake fushi ba ko da kaina.

Daminar ta yi albarka. Da ɗanyar masara ta nuna, Baba ya karyo ta fari, sauran ma kowa ya kawo abin da gonarsa ta yi, aka cika kwando har da tozo. Aka ce ni zan kai wa Iya, tunda ni ne ɗan gida. Na ɗaura a bayan babur na nufi kasuwa.

Na same ta a rumfa tana goge kwanukan da ba su yi datti ba. Abokina bai gaya mata komai ba, ce mata kawai ya yi aikin bai faɗo kansa ba. Na sauke kwandon, na zauna a kan benci na ba ta labarin tun daga farko, ina ƙara gishiri don ta yi dariya. Ta kuwa yi, wurin tsintuwar Baba har da tafa hannu. Da na kai ƙarshe sai ta jawo kwandon gabanta. Ta ɗauki masara guda ta ɓare, ta danna ƙwayar da farce, ruwan ya fito fari.

"Ta yi kyau," ta ce. "Ka ce musu na gode, Allah ya ƙara albarka. Haka ubansa yake, shi ya sa ban taɓa yin arziki ba."

Na ce ai abin alfahari ne, Iya, ɗanki ya yi halin manya.

"Na sani, ɗana," ta ce, ta mayar da masarar cikin kwando. "Amma wa zai taya ni ci? Na riga na sa an yi wa ɗakinsa fenti."