Malam Tanko da Surukarsa

Duk wanda ya zauna ofishinmu ya san Malam Tanko ba ya danna kompaila da takalmi a ƙafa. Kompaila ita ce manhajar da ke duba abin da muka rubuta kafin kwamfuta ta yarda ta yi aiki da shi. Shi kuwa Surukata yake ce mata.

"Ba ta taɓa ganin laifina ta yi shiru ba," in ji shi. "Me ya rage?"

Makona na farko, allona ya cika da jan rubutu. Na ƙirƙiri variable, sunan da ake ajiye bayani a ƙarƙashinsa, a cikin if, wato sharaɗin "idan", na zo ƙasa ina kiransa. Malam ya leƙo.

"Kai, Isuhu! Ka raɗa wa yaro suna cikin ɗaki, ka kulle ƙofa, ka fito titi kana ƙwala masa kira. Wa ya san shi? Fito da shi tsakar gida!"

Na mayar da layin sama. Ja ya ɓace tas. Har rawa Malam ya taka, da safa!

Abin bai tsaya a kwamfuta ba. Ranar da Darakta ya ce, "Idan kasafi ya fito za a sauya maka wannan tsohuwar na'urar," Malam ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, abin da aka haifa cikin idan, can yake mutuwa."

Telansa na unguwar Karu ma ya daina furta kalmar "idan" a gabansa.

Aikinsa na ƙarshe manhajar rabon taki ce ga manoman ƙauyen Yangoji, ana so kafin ruwa ya sauka. Bai gama ba ya kwanta asibiti. Na je gaishe shi, na ce, "Malam, idan ka warke..."

Ya buɗe ido ɗaya. "Ka kuma?"

Bayan sadakar uku na buɗe aikin, hadari ya fara haɗuwa. Surukar ta ƙi sam. Kuskure guda ne, a layukan da ya rubuta yana fama da zazzaɓi: yaro a kulle cikin ɗaki. Na fito da shi tsakar gida, na cire takalmi, na danna. Ta wuce! Ofis ya kaure da kabbara. Na juya in gaya masa, sai kujera.

Manoma sun karɓi takinsu kafin shuka.

Allah Ka jiƙan Malam Tanko, Ka yafe masa kurakuransa, Ka karɓe shi ba tare da wani sharaɗi ba.